Su wane ne kifaye masu fiffiken tsinke?

Idan masana halittu suka ce Actinopterygii, suna nufin babban dangin kifaye masu ƙashi waɗanda fikafikansu siraran tsinkaye ne da fata marar kauri ta haɗe. Sunan daga harshen Girka ya fito. Tarwada da karfasa da giwan ruwa da ƙurungu da minjirya da tuna da sardin duk 'yan gidan nan ne. Nau'o'insu sun haura 30,000, wato kusan rabin nau'o'in dabbobi masu ƙashin baya baki ɗaya, ko da an sa tsuntsaye da macizai da kwaɗi da mutane cikin lissafin.

Fiffiken shi ne shaidar dangin, saboda haka ya kamata a dube shi da kyau. Ka ɗaga fiffiken bayan karfasa ka kara shi da haske, za ka ga tsinkayen a jere, fatar da ke tsakaninsu har haske na ratsa ta, yana buɗewa yana naɗewa kamar lema. Na gaba masu tauri ne, suna da tsini. Na baya masu taushi ne, gaɓa-gaɓa, bakinsu ya yi rassa. Babu tsoka a cikin fiffiken kansa. Tsokar tana cikin jiki, a gindin kowane tsinke. Abin burgewar yana ga tsinke mai taushi: ɓari biyu ne a manne, dama da hagu, in tsoka ta ja ɓari ɗaya ta saki ɗayan sai tsinken ya lanƙwasa. Da haka kifi ke sarrafa fiffikensa tsinke bayan tsinke, ya lanƙwasa shi, ya shimfiɗa shi, ya kwantar da shi gaba ɗaya in zai sheƙa a guje.

Ba kowane kifi ke da wannan ba. Kifin shak ba shi ma da ƙashi na gaske, guringuntsi ne da shi, fikafikansa kuma masu kauri ne da ba sa naɗewa. Gaiwa tana da ƙashi amma ba 'yar gidan ba ce. Danginta fiffikensu na da nama da ƙashi a ciki, kuma daga wannan reshen dabbobi masu ƙafa huɗu suka fito. Shi ya sa a lissafin masana, gaiwa ta fi kusa da kwaɗo da akuya fiye da kusancinta da tarwadar da suke kwana a taɓo ɗaya. Kifayen da suka rage a wancan reshe nau'i 8 ne kacal: nau'i 6 na gaiwa da 'yan'uwanta, sai nau'i 2 na wani kifin teku mai suna silakant, wanda aka ɗauka ya ƙare tun zamanin da, sai ga shi an kamo shi da rai a gaɓar Afirka ta Kudu a 1938.

To me ya ba masu tsinke wannan rinjaye? A ganina fiffiken shi kaɗai ba zai yi ba, sai da jakar iska. Nama da ƙashi sun fi ruwa nauyi, kifin da ba shi da dabara nutsewa zai yi. Shak ya dogara ne da hanta mai yawan mai da kuma tafiya, fikafikansa na tallafe shi. Yawancin masu tsinke kuwa suna da jaka a ƙarƙashin ƙashin baya wadda suke cikawa ko ragewa har nauyinsu ya yi daidai da na ruwan da suke ciki. Wasu suna da 'yar hanya daga jakar zuwa maƙogwaro, sukan leƙo sama su haɗiyi iska. Irin su karfasa da giwan ruwa hanyar ta toshe, daga jini suke tatso iskar a hankali. Wannan jinkirin ne ya sa kifin da aka fizgo daga zurfi kan fito da ciki a kumbure, wani lokaci har tumbinsa ya leƙo ta baki. Masanin halittu Charles Darwin ya zaci huhu daga jakar nan ya samo asali. Masanan yau galibi sun juya maganar: huhu ne ya riga, jakar ta biyo baya. Gartsa, wanda ke cikin tsofaffin rassan dangin, har gobe da huhunsa biyu yake shaƙar iska.

Da kifi ya daina fargabar nutsewa, sai fikafikan suka sami sararin yin wasu ayyuka. Karfasa na iya tsayawa cik a tsakiyar ruwa, ta ja da baya, ta juya a wuri ɗaya. Ƙurungu ya mai da tsinken gefensa makami, yana kulle shi a miƙe don kada a haɗiye shi, yana kuma goga gindinsa a jikin ƙashi ya fitar da ƙara. Yauni ya fi su duka ban mamaki. Jikinsa a miƙe yake tafiya, doguwar fiffiken bayansa ce kawai ke kaɗawa, gaba ko baya duk ɗaya a wurinsa, kuma ba ya karo da komai ko a cikin duhu. A 1951 Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya gano cewa yauni na fitar da wutar lantarki mai rauni daga wutsiyarsa, yana gane abin da ke kewaye da shi daga yadda wutar ta karkace. Miƙewar jikin tana taimaka masa kada ya hargitsa abin da yake ji.

Jakar ma ba ta tsaya ga aiki ɗaya ba. A jikin tarwada da danginta akwai wasu ƙananan ƙasusuwa da suka haɗa ta da kunnen ciki, jakar na kama girgizar sauti ta miƙa, shi ya sa suka fi kifaye da yawa ji.

Ta fuskar girma babu ma abin da ya haɗa 'yan gidan. Akwai wani ɗan mitsitsi a fadamun tsibirin Sumatara na Indonesiya da macensa ke balaga tana da tsawon milimita 7.9. A 2021 kuma an sami wani kifin mola a tekun tsibiran Azores na ƙasar Fotugal mai nauyin kilo 2,744. A 2022 kyamara ta ɗauki hoton wani nau'in kifi dabam a zurfin mita 8,336 a kudu da Japan, kuma shi wannan ya yar da jakar iskar gaba ɗaya, domin a irin wannan matsin ruwa riƙe iska a ciki ya fi ƙarfin jiki. Kifaye da yawa masu kwanciya a ƙasan ruwa su ma sun rabu da ita, amma tsinkayen fiffiken suna nan a jikin kusan kowannensu, kuma da su ake gane dangin.