Makamai Biyar da Suka Hana Sojin Ruwan Birtaniya Barci a 1982

Me ya haɗa Birtaniya da Ajantina yaƙi?

Tsibiran Falkland ne, waɗanda 'yan Ajantina ke kira Malvinas, a kudancin Tekun Atlantika. Sojojin Ajantina sun mamaye su ranar 2 ga Afrilu 1982, sai Firaminista Margaret Thatcher ta tura ayarin jiragen ruwan yaƙi tafiyar kusan kilomita 13,000 don ƙwato su. An gama ranar 14 ga Yuni. Ajantina ta rasa mutum 649, Birtaniya 255. Makaman da suka hana sojin ruwan Birtaniya barci a yaƙin su ne Exocet na Ajantina.

Wane irin makami ne Exocet?

Makami ne mai linzami ƙirar kamfanin Aérospatiale na Faransa, an yi shi don farautar jiragen ruwa. Kansa na ɗauke da abin fashewa mai kilo 165, yana kuma gudun da ya kusa kai na sauti. Amma ba nan haɗarinsa yake ba. Da zarar an harba shi sai ya sauko dab da fuskar ruwa, tsakaninsu 'yan mitoci kaɗan. Tunda duniya a ƙulle take kamar ƙwallo, radar jirgin ruwa ba ta hango abin da ke tafe ƙasa-ƙasa haka sai ya matso sosai. Kafin a ankara, daƙiƙoƙi ne suka rage. A ƙarshen tafiyar yakan kunna tasa radar ya nemi jirgin da kansa, lokacin matuƙin da ya harbo shi ya riga ya juya gida.

Yaya aka yi ya sami HMS Sheffield, jirgin ruwan yaƙin Birtaniya?

Ranar 4 ga Mayu, kwana biyu bayan jirgin ƙarƙashin ruwa na Birtaniya ya nutsar da jirgin ruwan yaƙin Ajantina mai suna General Belgrano da mutum 323, wani tsohon jirgin saman sintiri na Ajantina samfurin Neptune ya gano inda jiragen Birtaniya suke. Jiragen saman yaƙin Ajantina samfurin Super Étendard biyu suka taso daga sansanin Río Grande, aka ƙara musu mai a sararin sama, suka bi ƙasa-ƙasa, kowanne ya saki makami ɗaya. Ɗaya ya kuskure, ɗaya ya huda gefen Sheffield. Abin takaicin, a daidai lokacin jirgin na aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, wannan kuwa ya toshe na'urar da ya kamata ta jiyo radar maharan. Mutum 20 suka mutu. Wuta da hayaƙi ne suka cinye jirgin, ya nutse ranar 10 ga Mayu ana cikin jan sa.

Da gaske biyar kawai Ajantina ke da su?

Na harbawa daga sama, biyar ne. Faransa ta dakatar da sauran da yaƙi ya ɓarke. A ganina, harin da ya fi yi wa Birtaniya illa ba na Sheffield ba ne, na ranar 25 ga Mayu ne a kan Atlantic Conveyor, jirgin dakon kaya, shi ma da Exocet. Mutum 12 suka rasu, jirage masu saukar ungulu samfurin Chinook uku suka ƙone, ɗaya tak ya tsira. Dole sojojin ƙasa suka ratsa tsibirin a ƙafa cikin sanyin hunturu, da kaya a baya, zuwa Stanley, babban birnin tsibiran. Ƙari a kan haka, tsoron makamin ya sa aka riƙa ajiye manyan jirage masu dakon jiragen sama, Hermes da Invincible, can nesa ta gabas, abin da ya rage lokacin da jiragen saman yaƙin Birtaniya samfurin Sea Harrier ke yi suna shawagi a kan fagen daga.

Injiniyoyin Ajantina ma ba su zauna ba: sun ciro Exocet na jirgin ruwa suka ɗora a kan tirela, suka harbi jirgin ruwan yaƙin Birtaniya HMS Glamorgan daga tudu ranar 12 ga Yuni.

To me ya canza bayan yaƙin?

Birtaniya ta je yaƙin ba ta da jirgin sama mai hangen nesa da rada, cikin gaggawa ta ɗaura rada a kan jirage masu saukar ungulu na Sea King. Aka kuma girka bindigogi masu sarrafa kansu irin Phalanx a jiragen ruwa. Duk da haka, a 1987 jirgin saman yaƙin Iraƙi ya harba Exocet biyu kan jirgin ruwan yaƙi USS Stark na Amurka a Tekun Fasha, sojoji 37 suka mutu.