Ƙorafin masu horar da dawaki kan jadawali da hukumomin sukuwa

Ƙorafin masu horar da dawakin sukuwa daɗaɗɗen saɓani ne tsakanin mutanen da ke kwana da doki a barga da waɗanda ke yanke ranar da zai fita fili. Ya shafi tsarin jadawalin shekara, da yawan kuɗin da ake bai wa dokin da ya ci gasa, da wa'adin rubuta suna, da soke tsere ko ɗage shi, da kuma dokokin magani da na bulala. Ana samunsa duk inda sukuwa ta zama sana'a, daga Birtaniya da Amurka har zuwa Singafo, kuma yana da nasa salo a Legas, birnin da ya rasa babban filin sukuwarsa tun farkon shekarun 1970, amma har yau yake cike da Hausawan da dawaki ne hanyar cin abincinsu.

Tushen saɓanin

Mai horarwa shi ne ke ɗauke da nauyin doki kullum, ko akwai tsere ko babu. Hatsi da dusa da harawa da kanwa, da albashin yaran barga, da kuɗin likitan dabbobi da na mai gyaran kofato, duk ba sa jiran jadawali. Shi kuma doki ba a kai shi ƙololuwar ƙarfinsa cikin kwana ɗaya. Ana farawa da kilisa, a riƙa ƙara masa nisa da sauri mako bayan mako, ana auna abincinsa, har a kai shi matsayin da ba zai daɗe a kansa ba. Idan aka ɗage tsere da mako biyu bayan an kai doki wannan matsayi, ko dai a ci gaba da matsa masa har ya gaji ko ya ji rauni, ko a sassauta masa a sake aikin daga baya. Mai dokin kuwa, wanda ke biyan kuɗin horo, ba hukuma yake tambaya ba, mai horarwa yake tambaya.

Ita hukuma tana da nata iyayen gidan. A ƙasashen da caca ke ɗaukar nauyin wasan, ana tsara ranaku da sa'o'i ne domin kamfanonin caca da gidajen talabijin su samu tseren da za su nuna a kowane lokaci, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A inda babu wannan kuɗi, kamar Najeriya, rana tana hannun mai ɗaukar nauyi, wato sarki ko gwamna ko attajiri ko kamfani. A duka tsarin biyu, wanda ya fi kowa sanin halin dokin shi ne mai ƙaramar murya wajen yanke rana.

Birtaniya

A Birtaniya ne aka fi rubuta tarihin wannan rikici. Ƙungiyar Jockey Club, wadda aka kafa a wajajen 1750, ita ce ta daɗe tana riƙe da dokokin wasan, kafin iko ya koma hannun hukumar tseren dawaki ta ƙasar, wadda ake taƙaita sunanta da BHA, a 2007. Ƙasar tana da filayen sukuwa kusan 60, kuma jadawalinta na ɗauke da taron tsere kusan 1,500 a shekara. Wani kaso na kuɗin gasa yana fitowa ne daga harajin da ake karɓa a hannun kamfanonin caca, tsarin da aka kafa wa hukuma ta musamman a 1961. Saboda haka filayen ke son tsere ya yawaita, alhali masu horarwa da dama suna kukan cewa tseren ya fi dawakin da ake da su yawa, kuɗin gasa ya tsinke, ma'aikatan barga kuma ba su da ranar hutu.

Shekarar 2019 ta tara misalai biyu a wata guda. A Fabrairu aka gano murar dawaki a wata barga, hukuma ta tsayar da tsere a faɗin ƙasar na kwana shida, ta kuma killace barguna sama da 170. Da aka dawo, sai aka ce dokin da ba a yi masa allurar rigakafi cikin wata shida da suka wuce ba ba zai fita ba, lamarin da ya hana wasu dawaki tseren share fage ana saura makonni kaɗan babban taron Cheltenham na watan Maris. Masu horarwa da yawa sun yarda da manufar, abin da ya ɓata musu rai shi ne zuwan sharaɗin ba tare da wa'adi ba. Kafin watan ya ƙare kuma kamfanin Arena Racing Company, mai filaye da dama, ya rage kuɗin gasa da kusan fam miliyan 3, yana kafa hujja da dokar da ta sauke mafi girman kuɗin da ake zubawa a injinan caca na shaguna daga fam 100 zuwa fam 2. Masu horarwa suka ƙi rubuta dawakinsu. A filin Lingfield aka wayi gari wani tsere babu doki ko ɗaya, wani kuma doki ɗaya tal, wanda ya karɓi kyauta ba tare da abokin karawa ba. Wannan ƙauracewa ta tilasta wa kamfanin komawa teburin sulhu.

Akwai ƙananan ƙorafe-ƙorafe da ba sa kai wa ga haka amma ba sa ƙarewa. Tun 2006 ake tilasta tabbatar da sunan doki awa 48 kafin tseren fili, wato wanda ba a tsallake shinge a cikinsa, domin a samu sayar da shirin ga masu caca a ƙasashen waje, kuma a ƙasar da ruwan sama kan sauya taushin ƙasa cikin dare ɗaya wannan na nufin yanke shawara kafin a san yanayin filin. A farkon 2024 an gwada tseren daren Lahadi a ƙarƙashin fitilu, mahaya da ma'aikatan barga suka nuna adawa, aka dakatar da shi. Wani lokaci kuma hukuma da masu horarwa kan haɗa kai, kamar ranar 10 ga Satumba 2025, lokacin da aka soke duk tseren ƙasar na yini ɗaya domin nuna adawa da shirin gwamnati na ƙara harajin caca.

Amurka da sauran wurare

A Amurka kowace jiha ce ke da hukumarta da dokokin maganinta, har sai da majalisar dokoki ta zartar da dokar da ake kira HISA, wadda ta kafa hukuma ɗaya mai kula da tseren ƙasar, a ƙarshen 2020, bayan mutuwar dawaki da dama a filin Santa Anita a 2019. Dokokin lafiyar fili sun fara aiki a Yuli 2022, na magani kuma a Mayu 2023. Babbar ƙungiyar masu dawaki da masu horarwa ta kai ƙara kotu, tana cewa an danƙa ikon gwamnati ga hukuma mai zaman kanta, kuma ƙananan masu horarwa ne za su ɗauki nauyin kuɗinta. Ta fuskar jadawali, muhawarar da ta fi fitowa fili ita ce ta manyan tsere uku na dawaki 'yan shekara uku: Kentucky Derby a Asabar ta farko ta Mayu, Preakness bayan mako biyu, Belmont bayan wasu mako uku. Masu horarwa na zamanin nan ba sa son fitar da doki sau uku cikin mako biyar. Dokin da ya ci Derby a 2022 bai je Preakness ba, haka ma Sovereignty a 2025, wanda mai horar da shi Bill Mott ya hutar da shi, sannan ya ci Belmont.

Mafi tsananin misali shi ne Singafo, inda gwamnati ta sanar a Yuni 2023 cewa za ta karɓe filin Kranji domin gina gidaje, aka yi tseren ƙarshe ranar 5 ga Oktoba 2024, aka rufe wasan da ya faro tun 1842. Masu horarwa sun koka cewa ba a shawarce su ba, ga dawaki kusan 700 da sai an nema musu makoma.

Legas

Abin da ya samu Singafo ya riga ya samu Legas da rabin ƙarni. Filin sukuwar Legas yana kan ƙasar da sarkin Legas Oba Dosunmu ya bayar a 1859, kuma a nan ne aka sauke tutar Birtaniya aka ɗaga ta Najeriya a bikin samun 'yancin kai na 1 ga Oktoba 1960. A 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka mai da shi dandalin faretin da ake kira Dandalin Tafawa Balewa. Gumakan fararen dawaki huɗu da ke bisa ƙofarsa da tsohon sunan da tsofaffin mazauna birnin ke kiran unguwar da shi, wato Race Course, su ne abin da ya rage. Ba Legas kaɗai ba ce, domin Dandalin Murtala na Kaduna ma tsohon filin sukuwa ne.

Da filin ya tafi, aikin doki a birnin ya tattara a kulob ɗin polo na Ikoyi, wanda ya samo asali tun 1904, sai kuma dawakin haya na bakin teku a ɓangaren Lekki. Da yawa daga cikin masu kiwon waɗannan dawaki da masu horar da su 'yan Arewa ne, kuma Hausa ce harshen barga. Jadawalin da ke mulkin rayuwarsu na polo ne, inda babbar gasar Legas ke zuwa a farkon shekara kafin damina ta sauka, sauran gasannin kuma suna Kaduna da Kano da Katsina da Ibadan da wasu garuruwa. Wanda ke son sukuwa ta gaske kuwa, sai ya nufi Arewa ko ya tsallaka Nijar.

Ƙorafin mai horarwa a Legas ya sha bamban da na takwaransa na Ingila, domin shi ba yawan tsere ne ke damunsa ba, rashin tabbas ne. Gasar da ta dogara ga mai ɗaukar nauyi guda kan motsa idan kuɗi bai fito ba, ko an yi rasuwa a fada, ko zaɓe ya gabato, ko babban baƙo ya nemi a sauya rana. Ga kuma kalandar Musulunci, wadda ke gusawa da kimanin kwana 11 kowace shekara, ta yadda azumi da hawan Sallah kan faɗo cikin kakar wasa a wasu shekaru, su janye mahaya da yaran barga zuwa gida. Wannan abu ne da ake iya lissafawa tun shekara guda kafin lokacin, don haka idan gasa ta yi karo da shi laifin masu tsarawa ne.

Nisa na ninka kowace irin matsala. Daga Legas zuwa Kano kimanin kilomita 1,000 ne ta mota, kuma doki yana yin tafiyar ne a tsaye cikin babbar mota, cikin zafi da girgiza da tsaye-tsayen shingayen hanya. Yana bukatar kwanaki na hutu da shan ruwa kafin a hau shi, saboda haka mai horarwa kan tashi da wuri, ya biya kuɗin mota da masauki da abincin mutane da na dabbobi. Idan sanarwar ɗage gasa ta riske shi a Jebba ko Mokwa, babu wanda ke mayar masa da ko kwabo. Yanayin kudu ma ba ya taimakawa. Laima da ruwan Afrilu zuwa Yuli na lalata kofato da filin kilisa, ciwon sammore da ƙudan tsando ke yaɗawa tsohuwar barazana ce ga doki a dazuzzukan kudu, ga kuma annobar dawaki ta Afirka, wadda ƙananan ƙwari masu cizo ke ɗauka, wadda ta fi yi wa dawakin da aka shigo da su daga waje, irin na Ajantina da ake wasan polo da su, mummunar illa. Rigakafin waɗannan cututtuka yana da nasa lokaci, kuma ana hutar da doki bayan allura, abin da ba ya yiwuwa a tsara shi idan ranar gasa ba ta tsaya ba.

Sauran ƙorafin ya shafi rabon aji. Ana raba dawakin sukuwa a wannan yanki bisa asali da girma, dokin gida daban, wanda aka kawo daga Sudan ko Chadi daban, ruwa-biyu daban. Inda babu cikakken littafin rajistar asalin dawaki irin wanda Birtaniya ke riƙe da shi tun ƙarshen ƙarni na 18, hukuncin ajin doki kan koma ga idon alƙalan fili da shaidar masu shi, kuma a kan wannan ne gardama ta fi tashi a safiyar ranar tsere, bayan kowa ya riga ya biya kuɗin hanya.