Bindiga mai sakata ta farautar koyote da dabbobi masu ɓarna

Bindiga mai sakata doguwar bindiga ce wadda maharbi ke ɗura wa harsashi da hannunsa, ta hanyar wani ƙarfe mai mariƙi da ke aiki kamar sakatar ƙofa: a ɗaga mariƙin, a ja shi baya ya tofar da kwanson da aka harba, a tura shi gaba ya ɗauko sabon harsashi, sannan a sauke shi ya kulle. Tsarin ya samo asali daga bindigar allura ta Dreyse, wadda sojojin Furusiya, tsohuwar masarauta a ƙasar Jamus, suka karɓa a 1841, amma ya kai ga cikarsa ne a bindigar Mauser ta 1898, mai haƙora biyu a gaban sakata da ke riƙe harsashi gam lokacin da albarushi ya kama. Daga wannan tushe ne Winchester Model 70 ta fito a 1936, Savage 110 a 1958, sai Remington 700 a 1962. Saboda babu abin da ke motsi a cikinta a daidai lokacin harbi sai allurar da ke dukan gindin harsashi, irin wannan bindiga ta yi suna wajen saiti, shi ya sa masu harbin ƙananan dabbobi daga nesa suka fi rungumar ta.

Farautar da ake magana a kai ta fi bunƙasa a Amurka, inda ake kiran dabbobin da manoma da makiyaya ke ɗauka masu ɓarna da sunan varmint. A cikinsu akwai koyote, ɗan'uwan dila wanda ke kama 'yan tumaki, nauyinsa kuma yakan kama daga kilo 9 zuwa 20. Akwai wani nau'in kurege mai zama jama'a-jama'a a ramuka cikin filayen Dakota ta Kudu da Wayomin da Montana, wanda ake kira karen fili saboda kukansa mai kama da haushi. Akwai kuma groundhog, wata dabba mai haƙa rami a gonakin ciyawa na gabashin ƙasar. A Ingila da Ostireliya yanyawar Turai ce ake yawan nema, galibi da dare.

Zaɓen bindiga yana farawa ne daga dabbar da kuma yadda za a same ta, domin farauta biyu ce daban. Mai harbin karen fili yakan kafa tebur a bakin fili ya wuni a zaune, yana harbin abin da bai wuce kwalbar lemo ba daga yadi 200 ko 300, kuma yana iya ƙarar da harsasai ɗaruruwa kafin faɗuwar rana. Shi bututu mai kauri yake bukata, na inci 24 zuwa 26, domin siririn bututu yana zafi da wuri, idan ya yi zafi kuma harsasai sukan fara watsewa. Nauyin bindigar, ko ya haura kilo 5, ba ya damunsa, tun da ba saɓa ta zai yi ba. Mai neman koyote kuwa tafiya yake yi daga wannan tudu zuwa wancan cikin sanyin hunturu, ya zauna ya busa usur mai kwaikwayon kukan zomon da aka kama, ya jira kamar minti ashirin, in ba a dace ba ya tashi ya ƙara gaba. Wataƙila harbi ɗaya ko biyu ne rabonsa a ranar, kuma dabbar na iya ɓullowa a guje daga gefen da bai zata ba. Bindiga marar nauyi mai bututun inci 20 ko 22 ta fi masa. Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne sayen bindigar tebur su tafi da ita yawon koyote.

Harsashi

Kusan duk harsasan wannan fanni ƙanana ne masu tsananin gudu, domin gudu ne ke rage lanƙwasar da harsashi ke yi a hanya. Tsohon cikinsu, .22 Hornet na 1930 (lambar da ke farkon sunan tana nuna kaurin harsashi a ma'aunin inci), ba shi da ƙara sosai, amma ƙarfinsa yana raguwa bayan yadi 150. A 1935 kamfanin Winchester ya fito da .220 Swift, wanda ya haura ƙafa 4,000 a daƙiƙa ɗaya, wato sama da mita 1,200. Sai .222 Remington na 1950, wanda ya daɗe yana riƙe da kambun saiti, kafin .223 Remington ya danne shi daga 1964 saboda dangantakarsa da harsashin soja mai kaurin milimita 5.56, abin da ya sa ya yi araha kuma ake samunsa ko'ina. Shi kuwa .22-250, wanda masu haɗa harsashi a gida suka daɗe suna amfani da shi, kamfanin Remington ya mayar da shi na kasuwa a 1965. Daga baya aka samu .17 HMR a 2002 da .204 Ruger a 2004.

Ga yawancin mafarauta .223 ya wadatar: ba ya naushin kafaɗa, maharbi yana iya ganin inda harsashinsa ya sauka ta cikin madubin saiti da ake ɗorawa a kan bindiga, bututu kuma yana daɗewa bai lalace ba. Shi .22-250 yana ƙara nisa da ƙarfi a fili mai iska, sai dai yawan albarushinsa yana cinye maƙogwaron bututu da wuri, haka ma .220 Swift. Mai son bindiga ɗaya ta koyote da barewa yakan koma ga .243 Winchester na 1955, amma harsashin yakan yaga fata, wanda hasara ce ga mai sayar da ita. Ƙaramin .17 HMR ya dace da kurege a kusa, amma ɗora shi a kan koyote daga nesa rashin tausayi ne, domin yakan raunata dabba ta gudu ta mutu a wahale. Wajibi ne kuma a kula cewa ba a saka harsashin 5.56 a bindigar da aka rubuta wa .223 kaɗai, saboda matsin da yake haifarwa a cikinta yana iya wuce ƙima.

Akwai wani abu da ido ba ya gani wanda ke ɓata wa mutane lissafi, wato murɗen tsagin da ke cikin bututu, wanda ke sa harsashi ya riƙa juyawa kamar katantanwa don kada ya kife a iska. Tsofaffin bindigogi suna da murɗe ɗaya a kowane inci 12 ko 14, wanda ya ishi gajerun harsasai masu nauyin giren 40 zuwa 55 (giren ƙaramin ma'auni ne da ake auna nauyin harsashi da shi). Dogayen harsasai na giren 69 zuwa 77, waɗanda suka fi jure iska, suna bukatar murɗe mai sauri, ɗaya a inci 9 ko 8. Idan aka haɗa dogon harsashi da murɗe mai sanyi, a takardar gwaji za a ga rami mai tsawo kamar kafar makulli a maimakon zagayayye, alamar harsashin ya iso a karkace.

Kunama, ƙota da madubi

Kunama mai tauri tana jan bakin bindiga daga saiti, don haka ake son wadda ke sakin harbi tsaf ba tare da ja-in-ja ba; kamfanin Savage ya sauƙaƙa wannan a farkon shekarun 2000 da AccuTrigger, wadda mai ita ke iya sassautawa da kansa. Ƙota kuma kada ta taɓa bututu, kuma ana gwada haka ta zura takarda a tsakaninsu a ga ko za ta wuce har gindi. Ma'aunin da aka saba shi ne bindiga ta tara harsasai biyar cikin inci ɗaya a yadi 100. Madubi mai kusanto da abu sau 3 zuwa 9 ya ishi mai kiran koyote, mai zaman tebur kuwa yakan nemi har sau 20 ko fiye.

Doka da muhalli

Kowace jiha a Amurka tana da dokarta game da lasisi da lokacin farauta da harbin dare. Harsasan wannan fanni an ƙera su ne su tarwatse a jikin dabba, kuma ɓarɓashin dalmar da ke saura a mushe yana zama guba ga mikiya da shaho da sauran masu cin gawa. Tun daga Yulin 2019 jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma baki ɗaya. Harsashin jan ƙarfe da ya maye gurbinsa ya fi na dalma tsawo a nauyi iri ɗaya, saboda haka mai farauta a irin wannan wuri yana bukatar duba murɗen bututu tun kafin ya biya kuɗin bindiga.