Waiwaye: An yi ta kai kwamfuta ƙauye, ilimin kuma ya shigo ta wayar hannu

Kafin shekarar 2001, layukan tarho da ke aiki a duk Najeriya ba su wuce dubu 400 ba, kusan dukkansu a manyan birane, a hannun kamfanin tarho na gwamnati, NITEL. Mutumin ƙauye in yana da magana da ɗansa da ke Legas, sai dai ya ba direban mota wasiƙa ko kaset. A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne, zuwa watan Agusta MTN da Econet suka fara aiki. To amma ɗan kasuwa ba ya kafa ƙarfen sabis sai inda kuɗinsa zai fito, don haka aka cika birane da bakin manyan tituna, aka tsallake ƙauyuka.

Wannan giɓi ne ya sa dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF, wanda ya fara aiki a 2006, don tallafa wa kai sadarwa wuraren da babu riba. Binciken da aka yi a 2013 ya gano yankuna 207 da ba su da sabis, masu mutane kimanin miliyan 37. Daga baya NCC ta ce adadin ya sauko zuwa 97. Ta fuskar ƙarfe dai an matsa. Ta fuskar koyarwa ne aka daɗe ana tuntuɓe a wuri ɗaya.

Tunanin wancan zamani shi ne: a kai na'ura, ilimi zai biyo baya. A 2007 aka raba wa ɗaliban firamaren Galadima da ke gefen Abuja ƙananan kwamfutocin shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa, duniya ta yi ta labari, amma shirin bai bazu ba. Haka aka yi ta buɗe cibiyoyin kwamfuta a makarantu da garuruwa. Duk wanda ya taɓa zagaya irin waɗannan wurare ya san yadda suke mutuwa, kuma kusan cuta ɗaya ce. Kwamfutar tebur guda da allonta takan ja wuta wat 100 zuwa 150, wato guda ashirin na bukatar kilowat biyu zuwa uku, ban da fanka da fitila. Janareta sai da mai, man kuma babu wanda aka ɗora wa sayensa. In sola ce, batiran dalma a zafin Arewa da wuya su haura shekara biyu zuwa uku, musamman idan ana tatse su ƙarƙaf kullum. Ƙurar hunturu ta rufe faifan sola ta rage masa ƙarfi, ta toshe fankar kwamfuta har ta riƙa ɗauke kanta. Intanet ɗin tauraron ɗan'adam kuwa, galibi kuɗin wani ɗan lokaci ake haɗawa cikin kwangila, ranar da ya ƙare shi ke nan. Sai kuma a yi wa malamin da aka horar canjin wurin aiki. Daga nan shugaban makaranta ya sa kwaɗo, don gudun kada wani abu ya ɓace a tambaye shi.

Inda abin ya ɗan yi ƙarko, za ka tarar akwai masu shi a cikin garin. Gidauniyar Fantsuam da ke Kafanchan ta haɗa koyar da kwamfuta da ba mata ƙananan rance, har ta kafa nata layin intanet mai suna Zittnet. Cibiyar CITAD ta Kano ita ma ta daɗe tana horar da matasa, tana kuma fafutukar a bar al'umma su kafa hanyar sadarwarsu da kansu.

Abin da ya koya wa talakan karkara latsa waya ba aji ba ne, dole ce. A 2012 aka fara raba takin gwamnati ta saƙon waya, manomin da ba ya karatun boko ya koma neman mai duba masa. A 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, yaran da ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba suka fara ganinsa a ɗakin jarrabawa. A Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. Sai ƙarancin takardun naira na farkon 2023, wanda ya sa mai tumatir da mai akuya karɓar tiransifa ko suna so ko ba sa so. Malaman wannan makaranta su ne mai cajin waya, da mai tura waƙoƙi a memori, da mai POS. Sun yi ƙoƙari, sai dai sun fi yi wa mutum aiki a kan su koya masa. Shi ya sa za ka ga dattijo ya miƙa katinsa, ya faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi a tsakiyar kasuwa.

Gwamnati ta waiwayo a makare. Manufar tattalin arzikin zamani da aka ƙaddamar a Nuwamban 2019 ta sa burin kashi 95 cikin ɗari na 'yan ƙasa su iya amfani da fasahar zamani nan da 2030, kuma a 2024 hukumar bunƙasa fasahar zamani, NITDA, ta fara tura masu hidimar ƙasa su koyar a inda suke. Dabara ce mai kyau, illa dai mai hidimar ƙasa shekara guda yake yi, kuma da yawa ba sa jin yaren garin.

Masu koyarwar da suka ga haske sun sauya salo. Suna koyar da mutum a kan wayarsa, ba a kan wata na'ura da zai bari a aji ba. Mutum takwas zuwa goma sun isa zama guda, na sa'a ɗaya, ba a ranar kasuwa ba, ba kuma da tsakar damina ba. Ana farawa da saƙon murya da ajiye lamba, tunda ba sa bukatar karatu. Sai lambobin banki masu farawa da alamar tauraro (*) da ake bugawa ko a ƙaramar waya, da bambanta alat na gaske da na bogi ta hanyar duba abin da ya rage a asusu. Darasin da ake maimaitawa kullum shi ne: banki ba ya kira ya nemi lambar sirri ko lambar da ya turo maka yanzu. Ga masu babbar waya, a kashe saukar bidiyo kai-tsaye a WhatsApp da sabunta manhajoji, in ba haka ba datar wata ta ƙare cikin kwana uku, mai waya ya rantse cutarsa aka yi. Mata kuwa, mace ce ke koya musu, a cikin gida ko bayan an tashi Islamiyya, kuma sai an tuna cewa wayar sau da yawa ta maigida ce, da dare take dawowa.

Duk wannan yana tafiya ne in akwai sabis da kuɗin data. A Satumbar 2021 an katse sadarwa a Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, sannan aka bi da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane suka koma tafiya mai nisa don kira ɗaya. A Janairun 2025 kuma NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari.