Ma'anar "links" a wasan golf: jigawar bakin teku da ta haifi wasan

Duk watan Yuli idan gasar The Open, babbar gasar golf ta Birtaniya, ta zo, mai kallo a talabijin yakan ga fili ya bushe ƙayau, ciyawa ta yi ja kamar bayan kaka, babu bishiya, sai iska tana kaɗa rigunan 'yan wasa. Masu sharhi sai su ce ai "links" ne. Wanda ya saba jin ana kiran golf ƙwallon lambu zai yi mamaki, don nan ko alamar lambu babu.

Kalmar ta mutanen Sikotilan ce, asalinta "hlinc" a tsohon Turanci, wato tudu ko kunyar gona. Suna nufin siririyar ƙasar yashi da ke tsakanin teku da gonaki, wadda iska ta tara ta yi tuddai da kwaruruka. Bahaushe zai ce jigawa, sai dai wannan jigawar tana shan iskar gishiri. Ba ta nomuwa, shi ya sa aka bar ta ga tumaki da zomaye da masu shanyar wanki, daga baya masu buga ƙwallo da sanda suka shigo. Saboda haka ba kowane filin golf da ke kallon teku ne links ba. Idan ƙasarsa laka ce, ko yana kan dutse, sunan bai hau shi ba, ko da an rubuta shi a allon ƙofa.

Yashin ne tushen komai. Ruwan sama ba ya kwanciya a kansa, ƙasa takan yi tauri, ciyawar da ke jure wurin kuwa siririya ce mai zurfin saiwa, ba ta son taki da yawa. Ƙwallo idan ta sauka ba ta tsayawa, sai ta yi tsalle ta ci gaba da gudu. Wanda ya koyi wasa a fili mai laushi yakan ɗaga ƙwallo sama ya auna bakin rami. A nan iska za ta kwashe ta, in ma ta sauka daidai ta zarce bayan farfajiyar ramin. Gwanaye sukan ɗauki sandar da ta fi tsawo, su rage ƙarfin bugu, su sa ƙwallon ta tafi ƙasa-ƙasa ta sauka kafin farfajiya, sauran tafiyar ta ƙarasa da gangara. Bugu da ƙarfi a gaban iska kuskure ne, don yana ƙara wa ƙwallo juyi, juyin kuma ya ɗaga ta sama.

Misalin da kowa ke komawa gare shi shi ne tsohon filin St Andrews a yankin Fife, gabashin Sikotilan. Tun a 1457 Sarki James na Biyu ya hana golf a ƙasar don yana ɗauke hankalin mutane daga koyon harbin baka. A 1552 babban limamin cocin garin, John Hamilton, ya tabbatar wa mutanen St Andrews 'yancin wasa a filin, shi kuma ya riƙe damar kiwon zomaye. A 1754 mutum 22 suka kafa ƙungiyar 'yan golf ta garin, wadda Sarki William na Huɗu ya ba ta sunan Royal and Ancient a 1834. A 1764 ne suka mayar da ramuka 22 zuwa 18, adadin da duniya ta ɗauka daga baya. Zomayen nan sun kusa cinye wasan: bayan garin ya sayar da filin a 1797, an shafe shekaru ana rigima tsakanin masu kiwo da 'yan golf, sai a 1821 James Cheape ya sayi ƙasar aka huta.

Abin da mutane da yawa ke kuskurewa shi ne, filin ba mallakar kulob ɗin Royal and Ancient ba ne. Na jama'a ne, wata hukumar amintattu ce ke kula da shi tun 1974. Yawancin ranakun Lahadi ba a wasa, sai ka ga iyalai suna yawo da karnukansu a inda zakarun duniya ke fafatawa. Shi kuwa kulob ɗin, sai a 2014 ya yarda ya karɓi mata a matsayin mambobi, jinkirin da ba shi da wata hujja mai ƙarfi.

Siririntar ƙasar ce ta tsara filin. Ana tafiya ramuka tara a yi nesa da gari, a juyo da tara, don haka iskar da ta tura ka a tafiya ita za ta tare ka a dawowa. Farfajiyoyi bakwai kowace ramuka biyu ke raba ta, kuma lambobinsu idan an haɗa 18 suke bayarwa, kamar na 2 da na 16. Akwai guraben yashi fiye da 100. Galibinsu ƙanana ne masu zurfi, an gina bangonsu da yankakkiyar ciyawa mai haɗe da ƙasarta, an jera ta kan juna kamar tubali. Bangon yana zaizayewa, dole bayan 'yan shekaru a rushe a sake jeri. Wanda ya faɗa ciki, sau da yawa dabararsa ita ce ya fitar da ƙwallon ta gefe ko ta baya. A 1978 Tommy Nakajima na Japan sai da ya yi bugu huɗu kafin ya fita daga gurbin rami na 17, ya tashi da bugu tara a ramin. Tiger Woods kuwa ya lashe gasar The Open ta 2000 a nan bai shiga gurbi ko ɗaya ba cikin kwana huɗu.

Kula da irin wannan fili aikin kame hannu ne. Old Tom Morris, wanda ya riƙe St Andrews kusan shekara 40, ya shahara da yawan barbaɗa yashi a kan ciyawa, kuma har yau haka ake yi. Idan aka cika ban ruwa da taki don fili ya yi kore shar, wata ciyawa mai gajeriyar saiwa ce ke mamayewa, ƙasa ta yi laushi, ƙwallo ta daina gudu. Ɗaya matsalar daga teku take: a Montrose, arewa da St Andrews, igiyar ruwa ta ci tuddan yashi har sai da aka janye wasu wuraren bugu zuwa ciki.