Louis Paul Boon

Louis Paul Boon marubucin ƙagaggun labarai ne kuma ɗan jarida daga Flanders, yankin arewacin Beljiyam da ake magana da harshen Holanci. An haife shi ranar 15 ga Maris 1912 a garin Aalst, ya rasu ranar 10 ga Mayu 1979 a Erembodegem, daf da garin haihuwarsa.

Ɗan talaka ne. Mahaifinsa mai fenti ne, shi ma yana ɗan shekara 16 ya bar makaranta ya kama sana'ar gidansu, da yamma kuma yakan je koyon zane. An ɗauke shi soja, Jamusawa suka kama shi a 1940, daga baya suka sake shi. Littafinsa na farko, De voorstad groeit, ya ci kyautar Leo J. Kryn a 1942.

Bayan yaƙi ya shiga aikin jarida, da farko a De Rode Vaan ta 'yan kwaminisanci, sannan a Vooruit ta 'yan gurguzu da ke birnin Ghent. A can ya shafe shekaru yana rubuta ɗan gajeren shafi mai suna Boontjes, inda yake hira da mai karatu kan al'amuran yau da kullum.

Babban aikinsa shi ne De Kapellekensbaan, na 1953. Labarin wata yarinya ce, Ondine, mai fafutukar fita daga unguwar ma'aikatan masaƙa a ƙarni na 19. Sai dai Boon bai bar labarin ya miƙe ba: yakan katse shi da muhawarar marubucin da abokansa a kan littafin kansa, ya kuma cusa tsohuwar tatsuniyar dila Reinaert a tsakani. Harshensa ma na bakin titin Aalst ne. A nan ƙarfinsa yake, domin talakawansa ba waliyyai ba ne. Suna da hassada da kwaɗayi, kuma duk da haka mai karatu yana jin zafin halin da suke ciki.

A 1966 aka ba shi kyautar Constantijn Huygens. A 1971 ya fitar da Pieter Daens, tarihin gwagwarmayar ma'aikatan Aalst da limamin coci Adolf Daens, ɗan'uwan Pieter ɗin, wanda ya tsaya musu. Daga wannan littafi Stijn Coninx ya shirya fim ɗin Daens a 1992, har ya shiga takarar kyautar Oscar.