Waiwaye: Yadda takardar fili ta tsallake mata da jikokin bayi a Yamai

Bara na raka ƙanwata neman gidan haya. Ma'aikaciyar jinya ce, albashinta na shiga kowane ƙarshen wata, aurenta ya mutu, ƴaƴanta biyu. Dillali ya kai mu wani ɗaki da falo a wajen Banifandu, da fanfo a tsakar gida. Mai gidan, wani dattijo, ya dube ta, ya dube ni, ya ce: “Malam, iyalinka ce?” Na ce ƙanwata ce, Baba. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce: “Ɗana, ba don komai ba, ni ba na ba mace marar miji. Maƙwabta za su yi magana.” Da muka fito dillalin ya ce mata: “Hajiya, ke ma da gaskiyar tsiya. Da kin ce maigidan yana ci-rani a Abijan, da tuni kin karɓi makulli.”

Irin wannan labari ne ake ta ja-in-ja a kansa a gidajen rediyo da fada-fadar samari da Facebook. Wasu na tsine wa masu gidaje da dillalai, masu neman kuɗin wata uku gaba ɗaya da la'ada a kai. Wasu na cewa gidan mutum nasa ne, yana da ikon tsare mutuncinsa. Abin da ba na jin ana tambaya shi ne: me ya sa kusan kullum mai makulli namiji ne, mai roƙo mace? Akwai kuma tambaya ta biyu da ba a yi sai an rage murya: me ya sa wasu zuri'o'i suka shekara ɗari suna noma a gefen birnin nan, amma da gonakin suka zama kuɗi ba su samu ko taku ɗaya ba?

Farkon labarin sananne ne. A 1905 Faransa ta hana cinikin bayi a ƙasashen da take mulki a yammacin Afirka, amma ba ta ba wanda aka ƴanta gona ba, sai ya ci gaba da noma ta ubangidansa bisa aro. A 1926 aka maido babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai, Turawa suka hau tudun Filato mai iska, baƙar fata aka bar su ƙetaren kwarin Gunti Yena. Idan aka ce wariya a harkar gidaje, hankalinmu kan tafi Amurka, inda sai a 1968 doka ta hana ƙin sayar wa baƙar fata gida ko ba shi haya, aka ƙara mata a cikin dokar a 1974. Mu ma da wariyar launi aka zana birninmu. Sai dai ita ta kau bayan samun ƴancin kai a 1960. Wadda ta rage ta cikin gida ce, ba ta da launi, asali take tambaya da igiyar aure.

A watan Disamba na 1974 shugaban ƙasa na lokacin, Saini Kunce, ya yi jawabin da tsofaffi ke tunawa har yau: gona ta mai nomanta ce, ko ta wace hanya ta shigo hannunsa. Masu aro da yawa, cikinsu har da jikokin bayi, suka daina kai damin gero ƙofar kowa. To amma magana ce ta baki. Ba a bi su gona-gona an rubuta sunayensu ba.

Inda gizo ke saƙa, a ganina, shi ne ranar 2 ga Maris 1993, ranar da aka sa hannu a kan dokar tsarin karkara, wadda ake kira Kod Rural. Ba ka jin ta a mahawarar gidajen haya, don ana ɗauka maganar manoma da makiyaya ce, ta burtali da rijiyoyi. Alhali unguwannin da muke rigima a kansu yau, a lokacin gonakin gero ne.

Dokar ta zo da kyakkyawar niyya, wannan ba a musu. Aya ta 4 ta ce albarkatun karkara na ƴan ƙasa ne duka, kowa na da damar samu ba tare da bambancin jinsi ko asali ba. Aya ta 5 da ke bi mata ta ce haƙƙin da mutum ya samu ta al'ada daidai yake da wanda ya samu ta rubutacciyar doka, kariya ɗaya za a ba su. Kowace aya, in ka ɗauke ta ita kaɗai, adalci ce. Ta biyun ma ta ceci talakawa da yawa da ba su taɓa riƙe takarda ba. Amma a haɗa su a gona guda a ga abin da ke faruwa. Ranar da za a rubuta mai gona, wa ake tambaya? Dattawa da maƙwabtan iyaka. Su kuma abin da suka sani shi ne wanda kakansa ya fara sare dajin. Wanda ya shekara arba'in yana zuba taki a wurin, in kakansa bawa ne, shaidu za su ce aro ne, kuma a ma'aunin al'ada ba ƙarya suka yi ba. Tun kafin a gama rubuta dokar, da labari ya bazu cewa za a yi rajistar gonaki, masu asali suka fara karɓe abin da suka ba da aro, ko su koma neman damin shekara don ya zama shaida. Abin da 1974 ta bayar da baki, takarda ta zo ta karɓe.

Mace kuma ta faɗa ta wata ƙofa. Ƴar gamanar da take shuka kuɓewa da yakuwa da gyaɗa a ciki, miji ne ya yanka mata ko uba, ba a taɓa kiranta tata ba. A nan ina so a bambance, don ana yawan ɗora wa addini laifin da ba nasa ba. Musulunci ya yanka wa ɗiya rabin rabon ɗa, ya ba matar mamaci tumuni in akwai ƴaƴa, rubu'i in babu, kuma bai cire ƙasa daga cikin gado ba. Al'ada ce ta ce gona ba ta bin mace gidan wani. Sai a ba ta akuya da kayan ɗaki, ko ƴan'uwa maza su ce “muna riƙe miki”. Muddin gona gero take bayarwa, riƙon yana da ɗan ma'ana, don ana aiko mata da buhu bayan kaka. Ranar da aka kafa turakun siminti aka yanka gonar parsel-parsel, riƙo ya ƙare. Kason da ake ba masu gonar gado in an yi lotisma, wato hukuma ta yanka gona ta zama filayen gini, da sunan wanda aka rubuta yake fitowa, shi kuma yakan sayar ya sayi mota ko ya gina gidan haya.

A kuma tuna wane lokaci ne. A 1960 mutanen Yamai kusan dubu 30 ne, a ƙidayar 2012 sun haura miliyan ɗaya. A Janairun 1994 darajar sefa ta faɗi da rabi, siminti da kwano suka yi tsada, mai ɗan kuɗi ya gane ƙasa ce ajiyar da ba ta narkewa. Shekarun nan ne ma'aikata suka yi ta bin bashin albashi na watanni, har a farkon shekarun 2000 aka biya wani ɓangare na bashin da filaye. Dabara ce da ta share hawayen gidaje da yawa. Amma ma'aikatan wancan zamani mafi yawansu maza ne, don su aka fi sa wa boko. Ke nan cikin shekara goma kacal aka raba ƙasar da birnin zai zauna a kanta, ta ƙofar gado da ta albashi, kuma duka biyun mace da marar asali a bayan layi suke. Ba wanda ya zauna ya ƙulla haka. Rabon ya bi tsohuwar hanya ne, takarda ta zo ta daskarar da shi.

Maganar bauta ta fito fili daga baya. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta, da aka kafa a 1991, ta yi ta fafutika har a 2003 bauta ta zama laifin da kan iya kai mutum kurkuku har shekara 30. A Oktoban 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, ta ba Hadizatu Mani gaskiya, ƴar jihar Tawa da aka sayar tana shekara 12 a kan jika 240, aka yanka mata diyyar sefa miliyan 10. Shari'ar ta buɗe bakin mutane a kan wahaya, wato baiwar da ake saye a ajiye a gida kamar mata, ban da matan aure huɗu. Sai dai doka jikin mutum ta ƴanta. Wanda ya fito daga gidan ubangida ba gona ba kango, in ya iso Yamai, bukka yake kafawa a filin da mai shi bai gina ba tukuna, yana gadi kyauta har ranar da tifa za ta sauke yashi. Ko kuma ya gangara bakin kogi inda ƙasa ke da araha, inda ruwa ya ci unguwanni irin su Lamorde da Kirkisoy a daminar 2020.

Shi ya sa ban iya riƙe dattijon Banifandu a zuci ba, ko da yake ranar raina ya ɓaci. Tsoron bakin maƙwabta da yake yi gaskiya ne, a garin da bazawara mai zaman kanta ba ta rasa sunan da za a laƙa mata. Amma tsoron nan ba zai zama hukunci a kan kowa ba, da a ce cikin masu gidaje goma na layinsu huɗu mata ne da suka gaji fili daga ubanninsu.

Ƙanwata ta samu ɗaki a gida na shida, a Talaje. Ni na je na zauna da mai gidan, muka gaisa, na ce iyalina ne za su shiga, ban ƙara bayani ba, shi ma bai nema ba. Ita ke biyan kuɗin kowane biyar ga wata, rasit kuma da sunana ake rubuta shi.